Sawakin da Sanganeb: dukiyar da alhazan ƙafa suka ratsa ta kanta

Tun kafin jirgin sama ya fara ɗaukar maniyyata daga Yamai zuwa Jidda cikin ƴan awoyi, akwai wata hanya da mutanen Damagaram da Maraɗi da Adar suke bi da ƙafa, ko bisa jaki da raƙumi. Su ratsa Barno, su shiga Wadai, su bi ta Darfur da Kurdufan, su tsaya ƙwadago a gonakin audugar Jazira har guzuri ya taru, sannan su gangara bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, har akan ce yaron da aka goyo daga gida yakan isa Makka da ƙafarsa. Waɗansu ma ba su ƙarasa ba, kuma ba su komo ba. Jikokinsu na nan a Kasala da Gadarif da Bur Sudan, da garin Mai Wurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903.

Zangon ƙarshe ga mafi yawan waɗanda suka ƙarasa shi ne Sawakin. Daga nan sai jirgin katako mai filafilai, tafiyar kimanin kilomita 300 zuwa Jidda. Abin da alhajin ƙafa ya sani game da wannan teku bai wuce fargaba da tashin zuciya da ruwan da ba ya shayuwa ba. Bai san cewa a ƙarƙashin katakon da yake zaune a kai akwai lambunan da Turawa za su zo daga baya su riƙa kashe dukiya don su duba su na awa guda ba. Labarin waɗannan lambuna ne ya kamata mai karatu ya ji, domin yau suna cikin halin da ba a san ƙarshensa ba.

Garin da aka gina da ƙashin dabba

Sawakin ƙaramin tsibiri ne, zagayayye, kwance cikin wani lungun teku a kudancin Bur Sudan, tafiyar kimanin kilomita 60. Mutum zai kewaye shi da ƙafa awa ba ta cika ba. Wata gajeriyar hanya da aka cike da ƙasa a ƙarshen ƙarni na 19 ita ke haɗa shi da tudu. Turkawan Usmaniyya sun riƙe shi tun ƙarni na 16, kuma attajiransa sun gina benaye masu hawa biyu da uku, da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohuwar Jidda. Hauren giwa, da ƙaro, da gashin jimina, da bayi, duk sun fita ta wannan ƙofa. Tufafi da turare da kayan yaji sun shigo ta cikinta.

Wanda ya ɗauki ɓaraguzan ginin Sawakin ya duba da kyau, zai ga ba dutse ba ne irin na tsauni. Fari ne, marar nauyi, cike da ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma. Murjani ne aka sassaro daga teku. Muddin ana yaɓe shi da farar ƙasa kowace shekara, yana iya yin ƙarnuka a tsaye. Da zarar an bar shi, sai iska mai gishiri ta shiga ramukan ta riƙa cinsa.

Abin da ya gina garin kuwa yana cikin abin da ya kashe shi. Mashigin da jirage ke bi zuwa tsibirin siriri ne, murjani ya tsuke shi dama da hagu, manyan jiragen tururi ba su iya juyawa a ciki. Saboda haka Ingilishi suka gina sabuwar tasha a arewa tsakanin 1905 da 1909, suka kira ta Bur Sudan. Ƴan kasuwa suka bi jirage, kamar yadda suka saba a ko'ina, masu yaɓe suka bi ƴan kasuwa, benaye suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. A 1991 an buɗe wata tasha kusa da tsohon garin da sunan Usman Digna, jarumin Mahadi, domin fasinjoji da dabbobi masu zuwa Jidda. A ƙarshen 2017 kuma Sudan ta amince wa Turkiyya ta gyara gine-ginen tsibirin. Amma mafi yawan tsohon garin kufai ne.

Mene ne murjani?

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya. Kalmar daga Larabci ta zo, jan dutsen adon kuwa asalinsa daga tekun Bahar Rum ne. Wanda ke gina tudu a Bahar Maliya ɗan'uwansa ne, amma aikinsu ya bambanta.

Murjani ba tsiro ba ne, ba kuma dutse ba ne, dabba ce. Ƴar ƙaramar halitta ce mai taushi, sau da yawa ba ta wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba, tana da baki da ƴan hannuwa kewaye da shi. Tana tsotsar sinadari daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri ta zauna ciki. Dubbai ke zama manne da juna. Na ƙasa su mutu, na bisa su ci gaba da gini a kan ƙashinsu. Irin mai dunƙulewa kamar tulu ba ya ƙara fiye da kimanin santimita 1 a shekara, mai rassa kamar ƙahon barewa yakan kai santimita 10. Ke nan dunƙulen da ya kai tsawon mutum ya girmi kakan kakan mai kallonsa. Farin dutsen da ake toyawa a yi siminti a Malbaza ma dangin wannan ne: ragowar halittun teku ne, tun zamanin da ruwa ya rufe ƙasar Adar.

A cikin naman wannan dabba akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke amfani da hasken rana ta samar da abinci, ta ba mai masaukinta mafi yawansa, ta kuma ba shi launi. Shi ya sa murjani mai gini ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, garai-garai, marar zurfi. Bahar Maliya kuwa ta cika waɗannan sharuɗɗa: babu kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara da ke zuba laka a cikinta, hamada ce gabas da yamma. Rana na shanye ruwan, gishiri na taruwa, har ya kai kimanin giram 40 a lita guda, alhali matsakaicinsa a tekunan duniya kimanin 35 ne.

Sanganeb, zobe a tsakiyar ruwa

Kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan, arewa maso gabas da Bur Sudan, akwai wurin da ake kira Sanganeb. Ba shi da ƙasa, ba shi da itace. Zoben murjani ne mai tsawon kimanin kilomita 6, wanda ya taso daga zurfin ɗaruruwan mita har ya taɓo fuskar ruwa, da tafki mai natsuwa a cikinsa. Irinsa guda ne tak a duk Bahar Maliya. A kudancinsa an kafa hasumiyar fitila mai tsawon kimanin mita 50, domin gargaɗin jirage da dare. Wanda ya hau ƙololuwarta da hantsi zai ga ruwa kashi uku: fari-fari inda murjani ya kusa fitowa, kore a cikin tafkin, sannan baƙi-baƙi kamar rinin baba inda bangon ya faɗa ƙasa. Gwamnatin Sudan ta mai da wurin gandun da aka tsare a 1990, hukumar Unesko kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016.

Hanya biyu ce ta ganin abin da ke ciki. Ta farko ba ta bukatar komi sai abubuwa uku: gilashi mai bakin roba da ke rufe ido da hanci, da ɗan tiyo mai lanƙwasa da ake cizawa a baki, da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Mutum ya kwanta rub-da-ciki bisa ruwa, fuska a ciki, bakin tiyon a waje, ya riƙa numfashi a hankali. Gishirin ruwan da kansa yake ɗaga shi. Tiyon ba ya wuce kamu biyu, kuma ba a ƙara masa tsawo, domin da ƙirji ya nutse mita guda nauyin ruwa zai hana shi jawo iskar waje.

Minti na farko na tsoro ne. Mutum yana jin numfashinsa da ƙarfi cikin kunnensa, zuciya na ce masa ɗaga kai. In ya daure, sai ido ya buɗe. Ga murjani shimfiɗe kamar faifai, ga mai rassa, ga mai kama da ƙwaƙwalwa, ga mai taushi ja da shunayya yana rangaji kamar gero da iskar damina. Dubban ƴan kifaye masu launin lemu na tsaye bisa kansa kamar farin ɗango. Inuwa ta gitta, su faɗa ramuka gaba ɗaya, su sake fitowa gaba ɗaya. Akwai kifi mai baki irin na aku, wanda ake jin ƙarar haƙoransa yana gurgurar dutse. Abin da ya fitar daga cikinsa shi ne farin rairayin da ke kwance a ƙasa. Kififiya ta wuce ba ta ko kula ba. Komi yana bayyana ya fi girmansa da kimanin kashi ɗaya cikin uku, saboda yadda haske ke karyewa a gilashin. Kifayen Bahar Maliya sun fi iri 1,000, waɗansunsu kuwa ba a samunsu a wani teku sai nan. Sai mutum ya ɗan matsa gaba, ƙasa ta ɓace daga ƙarƙashinsa, ya ga kansa rataye bisa wani rami shuɗi marar gindi. A nan ne hanya ta biyu ke farawa.

Iya ruwa, fidda kai

Kurme da butalin iska bai daɗe a duniya ba. A 1943 ne wani hafsan sojan ruwan Faransa, Jacques Cousteau, wanda aka fi sani da kwamanda Kusto, tare da injiniya Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mai kurme iska daidai lokacin da ya ja, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Butalin da ake goyawa ba oksijen zalla ke ciki ba, iskar duniya ce aka danna: butali mai lita 12 yana ɗaukar kimanin lita 2,400.

Lissafin da ran mai kurme ya rataya a kai mai sauƙi ne. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara wa jiki nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kan mutum a tudu. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, iskar butali kuma tana ƙarewa da sauri ninki huɗu. Kunne ne ke fara kuka, sai an toshe hanci an hura a hankali kowane taki. Doka ta farko ita ce kada a riƙe numfashi yayin hawa, domin iskar da aka shaƙa a ƙasa tana kumbura in an taso, tana iya yaga huhu. Doka ta biyu ita ce kada a yi gaggawar fitowa. A zurfi, iskar azot tana narkewa cikin jini. In aka taso da sauri sai ta yi kumfa kamar kwalbar lemun da aka buɗe bayan an girgiza, kumfar ta toshe jijiya, ta shanye ƙafa ko ta kashe. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito, ba a kuma shiga jirgin sama sai an kwana an wuni. Sabon shiga ba ya wuce mita 18, ƙwararre mai kurmen nishaɗi ba ya wuce 40, kuma ba a shiga sai mutum biyu, kowa na duban ɗan'uwansa. Masu haƙar rijiya a Damargu sun san wannan hikima: sauka ba ita ce gwaninta ba, fitowa ce.

Da ana gangarawa, launi na gudu. Ja ne ke fara ɓacewa tun a ƴan mitocin farko, sai ruwan goro, sai ɗorawa, har komi ya koma shuɗi. Wanda ya yanke a yatsa a can ƙasa zai ga jininsa kore-kore. In aka haska tocila, sai launukan su dawo nan take. A bakin bangon, inda igiyar ruwa ke kaɗawa, manyan kifaye ke taruwa: dogaye masu haƙora suna kewaya cikin garke kamar guguwa, da kifin shak mai toka-toka, da wani irinsa mai kai kamar guduma, ido ɗaya a kowane gefe, wanda kan zo cikin ayari in ruwa ya yi sanyi.

Ƙauyen Kusto da jirgin bama-bamai

Arewa da Sanganeb akwai wani tudun murjani, Sha'ab Rumi. A nan ne a 1963 Kusto ya gwada ko ɗan Adam zai iya zama ƙarƙashin teku. Ya nutsar da gidan ƙarfe mai siffar tauraro a zurfin mita 10, mutanensa suka yi kwana 30 a ciki, suna ci suna barci suna fita aiki, har da wani aku da suka shiga da shi. Waɗansu mutum biyu suka yi mako guda a wani ɗaki da ke kusan mita 30. Kamfanonin man fetur na Faransa na cikin waɗanda suka biya kuɗin, domin suna son sanin ko za a iya ajiye ma'aikata a ƙarƙashin ruwa. Fim ɗin da aka ɗauka a wurin, Le Monde sans soleil, ya ci kyautar Oskar a 1965. An kwashe gidan daga baya, amma rumfar ƙaramin jirginsu na nutso tana nan a kafe, murjani ya lulluɓe ta. Kusto ya rasu a 1997.

Daf da bakin Bur Sudan kuma, a tudun Wingate, wani jirgin Italiya mai suna Umbria na kwance bisa gefensa. A watan Yuni na 1940 yana kan hanyar Masawa ɗauke da bama-bamai kimanin 360,000, da siminti, da motocin Fiat, sai Ingilishi suka tsare shi da sunan bincike. Kyaftin ɗinsa, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi kafin masu tsaronsa su ji. Sai ya nemi izinin yi wa ma'aikatansa atisayen ceto, ya sa aka buɗe wa ruwa hanya, jirgi ya nutse da kayansa don kada su faɗa hannun abokan gaba. Tsawonsa ya kai mita 150, wani sashensa na kusa da fuskar ruwa har mai tiyo ma yana ganinsa. Bama-baman na nan jibge a cikinsa, kifaye na shiga suna fita ta tagogin motocin.

Kimanin kilomita 125 arewa da Bur Sudan akwai lungun Dungunab da tsibirin Mukawwar, waɗanda Unesko ta haɗa da Sanganeb a rajista ɗaya. A nan ruwa ba zurfi, ciyawar teku ta yi shimfiɗa, kuma a cikinta wata dabba ke kiwo wadda Sarkawan kogin Kwara za su gane da gani ɗaya: ɗan'uwan ayu ne, na ruwan gishiri. Wannan lungu na cikin muhimman wuraren da yake zaune a duniya. Masuntan ƙabilar Beja da ke bakin gaɓar da kifin murjanin suke ciyar da iyalansu.

Abin da ke cikin hatsari

Kafin 2023, jiragen masu kurme sukan tashi daga Bur Sudan da baƙi daga Italiya da Jamus da Faransa, su yi mako ɗaya ko biyu a teku, daga kaka zuwa farkon bazara. Ba su da yawa in aka gwada da na Masar, kuma ƙarancin nan ne ya bar murjanin Sudan da lafiyarsa. Duk da haka matuƙa, da masu dafa abinci, da masu cika butali, da masu sayar da gazuwal da kayan miya sun ci abinci da wannan sana'a.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun RSF. Gwamnati ta koma Bur Sudan, tashar ta cika da masu gudun tsira, jirage suka riƙa kwashe baƙi zuwa Jidda ta hanyar nan da alhazan ƙafa suka bi. A watan Mayu na 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari garin, rumbunan mai suka yi kwanaki suna ci da wuta. Sana'ar kurme ta tsaya. Ƙasar da ke neman abin da za ta ciyar da miliyoyin ƴan gudun hijira kuwa, kuɗin sintirin gandun teku ba shi ne a gabanta ba.

Sakaci ma ba sai da yaƙi ba. A watan Yuni na 2022 wani jirgin dabbobi ya nutse a tashar Sawakin da tumaki fiye da 15,000 masu zuwa Saudiyya, saboda an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Kwaɗayin ribar tafiya ɗaya ya cinye jari da riba, ya kuma bar mushe cikin ruwa. Tun 1999 kuma ake lodin ɗanyen mai a kudancin Bur Sudan. Tanka guda in ta fashe a kan waɗannan tudu, aikin ƙarnuka ne zai tafi.

Babbar barazanar kuwa ba ta da bindiga. In zafin ruwa ya ɗara wanda aka saba da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni, murjani yakan kori gansakukar da ke ciyar da shi, ya koma fari fat kamar ƙashi. In sanyi ya dawo da wuri yakan farfaɗo. In bai dawo ba, yunwa ta kashe shi. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan kuma daga 2023. Masana sun gano cewa murjanin arewacin Bahar Maliya ya fi sauran jure zafi, har suna sa ran zai iya zama irin da za a ajiye don gobe; amma juriya ma tana da iyaka. Tudun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, alhali kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsa suke rayuwa. Zafin da ke faranta shi kuwa shi ne dai wanda ke rikita damina a Sahel: manomin Tawa da masuncin Dungunab ciwo ɗaya ke damunsu, ko da ba su taɓa jin labarin juna ba.

Sawakin ta riga ta nuna abin da ke faruwa da murjani in aka daina kula da shi, ko da ya zama bene mai hawa uku. Na cikin teku har yanzu yana da rai, yana ƙara santimitarsa kowace shekara, bai san ana yaƙi ba. Maniyyacin da jirginsa ya ratsa Bahar Maliya da rana, in ya samu kujerar taga, ya duba ƙasa daidai inda hamada ta ƙare: zai ga wani zare kore-kore tsakanin rairayi da shuɗin ruwa. Ta kansa kakanninsa suka wuce. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya sa a tarar da shi yadda aka bar shi.